Kachala da kashin shanu: shin da gaske za su dafa mana tuwo?

Manomin Auyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni ga masana cikinmu. Yaron maƙwabcina da ke karatun aikin gona ya ce mini ana haɗa kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, da kashin shanu a rufe a rami, su ruɓe, su ba da gas na girki irin wanda ake sayarwa a silinda. Ni dai ina da bijimai huɗu a turke. Kachala kuwa ba sai na faɗa ba, ta cinye mini gefen fadama guda, magudanar da muke shan ruwa da ita ma sai mun yi gayya kafin ruwa ya wuce. Itace ya yi tsada, gawayi ya fi shi. In maganar nan gaskiya ce a koya mini, in kuwa zancen takarda ne kawai a gaya mini tun ban zuba kuɗina ba.

Mai Turke:
Wa alaikumus salam. Ni ma na sha jin zancen a rediyo, amma ban taɓa ganin wutar da idona ba. Allah ya kawo masu sani.

Malamin Gona:
Malam, yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai ba gas ɗin silinda ba ne. Na silinda matse shi ake yi har ya zama ruwa. Na ramin, wanda ake kira bayogas, ba shi da wannan matsin, ba ya ɗuruwa a silinda a gida, bututu ake ja daga ramin zuwa madafi, kuma murhunsa mai manyan huji ne.

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba sa rayuwa sai inda iska ba ta shiga. Suna nan fal a tumbin saniya, su ke narkar mata da ciyawa, kuma suna fitowa cikin kashinta. Ramin da za ka gina tumbi ne na siminti: ka cika shi da ɗanyen kashi da ruwa, ka toshe ko'ina, ka riƙa ba shi abinci kullum. Wasu daga cikin halittun su farfasa abincin ya yi tsami, wasu su bi tsamin su mai da shi iska. Kaso 50 zuwa 70 cikin ɗari na iskar nan mitan ce, ita ke kamawa da wuta. Sauran galibi irin iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi, da ɗan wani abu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ga lissafin bijimanka. Sa ɗaya a turke yakan ba da wajen kilo 10 na ɗanyen kashi a rana. Kilo ɗaya kuma yakan ba da lita 30 zuwa 40 na gas. Bijimai huɗu ke nan kilo 40, wato lita 1,200 zuwa 1,600 a rana. Murhu mai kai ɗaya yana shan lita 200 zuwa 400 a awa, gwargwadon girmansa. Ka ga kana da wutar awa uku zuwa takwas, in komai ya tafi daidai. Kashin ana dama shi da ruwa daidai wa daida, bokiti ɗaya na kashi, bokiti ɗaya na ruwa, kuma yana buƙatar wajen kwana 40 a ciki kafin ya fita ta ɗaya ɓangaren. Saboda haka ramin da zai ɗauke ka bai kamata ya gaza lita 4,000 ba.

Kachala kuwa ƙari ce a kan kashin. Kada wani ya ce maka ka cika rami da ita kaɗai.

Dattijon Miga:
Yaro, na karanta lissafinka, amma akwai abin da ka tsallake. Kashin shanu a wurinmu ba shara ba ne. Duk abin da bijimai suka zubar a rani shi muke kwasa a amalanke mu kai gona kafin ruwan fari. Buhun takin zamani yanzu ba kowa ke iya ɗaukarsa ba. Ka ce in zuba takin shekara a rami don a dafa tuwo, to geron da za a yi tuwon da shi fa, da me zai tashi?

Malamin Gona:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ka yi. Ramin ba ya cinye takin. Abin da ke fita ya zama gas ba shi ne abin da shuka ke ci ba. Sinadaran da muke saye a buhu, naitirojin da fosfaras da fotash, suna nan cikin ruwan takin da ke fitowa. Naitirojin ɗin ma ya koma yanayin da shuka ta fi saurin sha. Kashin da muke tarawa a tsakar rana wata da watanni shi ne ke asara, rana da iska su kwashe masa ƙarfi, gara ta ci rabonta. Sannan yawancin 'ya'yan ciyawar da shanu suka ci suna mutuwa a ramin, ba za ka kai wa gonarka ciyawa da hannunka ba.

Dattijon Miga:
To na ji. Amma ruwa-ruwa yake fitowa ka ce. Gonata ta tudu tafiya ce mai nisa. Amalanke ba ya ɗaukar kunu.

Malamin Gona:
Gaskiyarka Baba, nan ne mutane da yawa ke barin takin ya lalace. Mai lambu kusa da gida jarka ta ishe shi, ya sirka da ruwa ya zuba a gindin shuka. Mai gonar nesa sai ya haƙa ramuka biyu a inuwa kusa da mafitar, ya shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi ko busasshiyar kachala, ruwan takin ya riƙa zuba a kai. In wannan ya cika a juya zuwa ɗayan. Kafin lokacin kai taki ya zama mai ɗaukuwa da shebur. Abin da ba a so shi ne a bar shi a buɗe rana tana dukansa.

Masuncin Guri:
Ni ba ta girki nake yi ba, ta kogi nake yi. Duk wanda ya san ƙasarmu a da ya san inda muke jefa taru yanzu kwale-kwale ma ba ya ratsawa. Kachala ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan da ya kamata ya rabu ya bi reshen Burum Gana da tsohon kogin Hadejia sai ya tattaru ya nufi reshen Marma. Wasu na kukan ambaliya, wasu na kukan ƙishirwa, kogi ɗaya. Jan baki a cikinta yake kwana, da asuba ya sauka a kan shinkafar mutane. Sauro kuwa ba damina ba rani. In har akwai abin da zai sa ciyawar nan ta zama kuɗi, mutane su riƙa rububin yankanta, ai mun samu mafita. A gina ramukan nan a kowane ƙauye daga Hadejia har Nguru, mu ga ko ba za ta ƙare ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Kawu, ina ma a ce haka ne. Zan faɗi abin da na fahimta, a gafarce ni in ya yi ɗaci. Ramin gida ɗaya abin da zai iya haɗiya na kachala a rana bai wuce 'yan dammuna ƙanana ba. Kachalar da ke tsakanin Hadejia da Nguru kuwa dubban kadada ce, kuma in ka yanke ta sama daga saiwa take sake tohowa, kai ɗaya nata kuma yana watsa 'ya'ya dubun dubata a iska.

Asalin matsalar ruwa ne ya canza hali. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Hadejia yakan cika da ƙarfi a damina ya wanke hanyarsa, a rani ya ja baya ƙasa ta bushe ƙayau. Kachala ba ta jure wannan. Yanzu ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan shekara duka, ga laka ta taru ta cike hanyoyin, ruwa ba zurfi kuma ba ya ƙafewa. Babu abin da kachala ke so kamar haka. Mutanen kogin Senegal sun ga irin wannan bayan an gina madatsar Diama a 1986, har suna yin gawayi da ita a Senegal da Muritaniya, amma gawayin bai ƙarar da ita ba. Abin da ke rage ta shi ne yasar hanyoyin ruwa, da tsara yadda ake sakin ruwa daga madatsun, da yanke ta a ƙarƙashin ruwa a maimaita har saiwar ta shaƙe. Bayogas zai sa wanda ya yanke ta ya amfana da wahalarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada mu gaya wa mutanenmu shi zai buɗe kogi.

Masuncin Guri:
'Yata, ban ƙi maganarki ba, amma ban yarda da ita duka ba. Yau in muka yi gayya muka yanke ta, a bakin ruwa muke jibge ta ta ruɓe ko mu cinna mata wuta. Kowa ya san aikin banza ya yi, shi ya sa gayyar gaba rabin mutane ba sa fitowa. Ki ba mutum dalilin komawa da lauje duk mako, ko da magudanar garinsu kaɗai ya tsare, ai an rage.

Ɗalibar Kimiyya:
A kan magudanar gari na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Kawu. Kuma yankan kowane mako shi ne ma ya fi dacewa da ramin, domin ɗanyar kachala mai sabon toho ake so. In ta tsufa ta yi kai, jikinta ya yi tauri irin na itace, halittun ba sa iya narkar da ita. Masu bincike na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa sun yi aiki a kan wannan a ƙarƙashin TRIMING, shirin gwamnati na inganta noman rani, a yankin Hadejia, ta fuska biyu, gas da kuma abincin dabbobi. Wannan ta biyun ma abin dubawa ce ga mai turke: ɗanyar kachala in an daddatsa an adana ta a rufe tana shiga abincin shanu, kashin kuma ya tafi rami.

Dalilin haɗa ciyawa da kashi shi ne kowanne yana cike giɓin ɗayan. Ciyawa tana da sinadarin kabon da yawa, kashi yana kawo naitirojin da halittun kansu, kuma yana hana tsami yin yawa. Abin da ake nema kabon 20 zuwa 30 ga kowane naitirojin ɗaya. In ciyawa ta rinjaya, ramin ya yi tsami, gas ya tsaya. In kashin kaji ya yi yawa kuma, shi ma yana kashe aikin ta ɗaya gefen.

Mai Turke:
Mu nan wajenmu kainuwa ce ta rufe kududdufi. Ita ma tana yi?

Ɗalibar Kimiyya:
Tana yi Malam, ta ma fi kachala saurin narkewa don jikinta laushi ne. Sai dai fiye da kaso 90 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, ka ɗauko buhu guda ka tarar abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. A baza ta a bakin kududdufin ta sha iska ta yi yaushi kafin a ɗauka. Kada kuma a yar da ɗanyarta kusa da wani ruwan, guntu ɗaya ya isa ya kafa sabuwa. Abu na ƙarshe, mutanen da ke kusa da kogin Challawa ko Jakara, inda ruwan masana'antun jima da na birni ke zuba, su yi hattara. Ciyawar ruwa tana zuƙe gubar ƙarfe, ramin ba ya kashe wannan gubar, takin zai fito da ita. Irin wannan ba a kai shi lambun alayyafo da latas.

Uwargida Kafin Hausa:
Assalamu alaikum. Na ga maza sun yi ta lissafin lita da kogi, ba wanda ya tambayi mai girkin. Ni hayaƙi ya fi damuna da komai. A damina in kara ya jiƙe, sai ka durƙusa kana hura wuta idonka na zubar da hawaye, goyo a bayanka yana tari, bangon madafi baƙi ƙirin. Tsofaffinmu da yawa ciwon ido da tarin da suke fama da shi ba daga ko'ina suka samo ba. In akwai wutar da ba ta hayaƙi ni ce ta farko a layi.

Amma a ba ni amsa. Wa zai kwashe kashin kullum da safe? Wa zai ɗebo ruwan damawa, bokiti nawa ne ma, alhali na sha ma yara ke zuwa famfo su yi layi? Wa zai zauna ya daddatsa kachala? Na san gidajenmu. Wata na farko maigida zai tsaya a kai, in noma ya kankama sai a bar wa mata da yara. Sannan gidanmu mutum goma sha ne, tukunyar tuwonmu ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya. Wannan wutar za ta tafasa ta kuwa?

Malamin Gona:
Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Gas ɗin bijimai huɗu zai riƙe gida mai mutum biyar ko shida. Gida irin naku zai ɗauke muku miya da koko da shayi da ruwan zafin jego, wataƙila da shinkafar rana, amma babbar tukunyar tuwo sai an ƙara shanu ko a ci gaba da kara a kanta. Ruwa kuwa wajen lita 40 ne a rana, jarka biyu. Ba dole sai mai kyau ba, na kududdufi ya yi, fitsarin shanun ma in an tara yana shiga. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne ruwan wanki mai omo ko sabulu, da ruwan da aka wanke famfon feshi da shi. Kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ma a ware shi na ɗan lokaci.

Uwargida Kafin Hausa:
Ko miya da koko kaɗai ya ɗauke ai an rage rabin hayaƙin. Amma maganar wa zai yi aikin ba ka amsa ba, Malam.

Manomin Auyo:
Hajiya, wannan ni ya kamata in amsa. Turke dama ni da babban yarona ke share shi, ba mata ba. Kachala kuma ba zan tura ƙananan yara cikinta ba, duk wanda ya tashi a fadama ya san tsargiya daga irin wannan ruwan ake kwasota, ga matsattsaku ga maciji. Yanka da datsa ni zan yi, da takalmin roba dogo. Abin da zan nema a cikin gida shi ne a riƙa kula da kashe murhu da gaya mini in wuta ta canza.

Uwargida Kafin Hausa:
Allah ya sa ka riƙe hakan har lokacin shuka.

Mai Shayi:
Ni fa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Abincin da aka dafa da iskar kashi, ya halatta a ci? Ba zai ɗauki wari ba? In na sa a teburina mutane suka ji labari ai sai su gudu.

Malamin Zaure:
Malam, a mazhabarmu ta Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba. Shanu da tumaki da awaki duk suna ciki. Kuma ai iyayenmu sun daɗe suna hura wuta da busasshen kashin shanu inda itace ya yi wuya, ba wanda ya ce abincin ya haramta, ga shi wancan har hayaƙinsa yana taɓa tukunya. Inda zan ce a tsaya a tambayi malamai a zaune shi ne in za a haɗa ramin da masai na mutane, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Wannan mas'ala ce dabam, ba ta amsuwa a waya. Allah ne mafi sani.

Matashin Kura:
Bari in faɗi abin da na gani da idona, domin ina da na gwaji a bayan ɗakina. Durom ne na roba mai lita 200, na huda masa mashiga da mafita da bututun famfo, na ja tiyo daga murfin zuwa tsohon tib na tayar babbar mota, shi ke tara gas ɗin. Na fara da ɗanyen kashi da abin cikin tumbi da na roƙo a kwata, shi ke sa ya tashi da wuri. Da farko tib ɗin ya kumbura amma iskar ba ta kama wuta, sai na sake ta. Haka ake yi, ta farko ba ta da mitan sosai kuma tana gauraye da iskar waje. Daga baya ta kama. Wutar shuɗiya ce, da rana da ƙyar ka gan ta, sai ka ji hucinta. Gindin tukunya fes, ba baƙi ko ɗigo. Mai Shayi, in tana ci babu wari ko kaɗan. Warin sai in tana tsiyaya ba a kunna ba, kuma wannan warin rahama ne, shi ke sanar da kai akwai huji.

Amma kowa ya sani durom na koyo ne. Abin da yake ci a rana wajen kilo 2 na kashi ne, gas ɗin bai fi na tafasa shayi ba. Abin da na lura da shi game da kachala: in ba a datsa ta ƙanana ba, kamar gaɓar yatsa, tasowa take yi sama don jikinta cike yake da iska. Ta haɗu ta yi ɓawo mai kauri, gas ya kasa ratsawa, mashiga ta toshe. Yanzu nakan datsa, in daka a tsohon turmi, in jiƙa ta da ruwan takin da ya fito ta kwana biyu ta yi laushi, sannan ta shiga. Ba na bari ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abincin, kuma sai da durom ɗin ya zauna da kashi zalla na fara sa ta a hankali. In kun ji ruwan da ke fita yana tsami, wuta kuma tana ja baya, a daina sa ciyawa, a koma kashi zalla har ya dawo.

Mai Shayi:
To madalla. Hankalina ya kwanta.

Ɗan Rugga:
Ana ta cewa shanu, shanu. Mu da muke da shanun ba za mu amfana ba. Garke yana daji yini guda, kashin a can yake zuba. Na dare kaɗai ke taruwa, shi ma bayan girbi a gonakin mutane muke sauka su samu taki mu samu harawa. Rami kuma ba ya bin mutum.

Malamin Gona:
Gaskiya ne, wannan na mai turke ne da wanda ya zauna wuri ɗaya, da mahauta, da kasuwannin shanu irin na Maigatari da Wudil inda kashi ke taruwa tuli. A Indiya da Sin inda miliyoyin gidaje ke amfani da shi, dabbobin a gida suke kwana su yini. Rugar da ta zauna tana da shanun tatsa a kusa za ta iya, in akwai ruwa. Akwai ma irin na doguwar jakar leda mai kauri da ake shimfiɗawa a rami mara zurfi, ya fi araha, sai dai rana tana cin ledar, akuya ko ƙaya kuma ta huda ta.

Birkila:
Sai yanzu na shigo, bari in sa baki don hannuna ya taɓa irin wannan ginin. Wata ƙungiya ta taɓa kawo aikin a wani ƙauye a nan yankin, aka ɗauke mu ginin. An yi taro, an kunna wuta, an ɗauki hoto. Ba a koya wa kowa a garin gyara ba, ba a ce ga mai shi ba, na kowa ne. Da na sake bi ta wurin, na tarar mashiga cike da yashi da tsakuwa, tiyo ya tsage, yara na wasa a kan murfin. Ginin lafiyarsa ƙalau har yau. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don kuɗi mai yawa ne aka binne, kuma yanzu duk wanda ka yi wa maganar bayogas a garin sai ya nuna maka wancan.

Malam na Auyo, in za ka gina na siminti mai rufin ƙubba, rufin shi ne komai. Tsaga ɗaya da ba ta kai gashi ba ta isa ta zubar da gas ɗin duka, don haka ana yi masa shafe hawa-hawa a bi da fenti mai hana iska, a gwada shi kafin a zuba kashi. Kada ka ba wanda bai taɓa yi ba don ya iya ginin ɗaki. A tsince yashi da duwatsu kafin a dama, su ke kwanciya a ƙasa su cinye wuri. Bututu yana tara raɓa, a sa masa matarar ruwa a inda ya fi gangarowa a riƙa zubarwa, in ba haka ba wuta ta riƙa tsalle tana mutuwa. A cusa soson ƙarfe a wani ɗan gwangwani a kan hanyar gas ɗin, yana kama iskar nan mai wari wadda ke cin ƙarfen murhu, in ya yi baƙi a canza. Neman huji da ruwan kumfa ake yi, ba da ashana ba. Kuma don Allah, ko an kwashe ramin ƙaf, kada kowa ya shiga ciki sai an bar shi a buɗe ya sha iska sosai, da igiya a ƙugu da mutane a sama. Iskar ciki tana kayar da mutum kafin ya yi kira.

Dattijon Miga:
Wannan magana ta magini ita ce. Abin kowa ba ya daɗewa a garuruwanmu, famfon burtsatse ma mun gani. Ni in za a yi, kowa ya yi nasa a gidansa.

Masuncin Guri:
Baba, wanda ba shi da sa ko ɗaya fa? Mu da kachala ta fi cuta mu ne ba mu da turke.

Ɗalibar Kimiyya:
Kawu, nan ne nake ganin ciniki zai iya shiga tsakaninku. Mai turke yana son ɗanyar kachala a datse amma ba ya son shiga ruwa, kai kana da kwale-kwale kana ciki kullum. Ka kawo masa, ya biya ka da kuɗi ko da ruwan taki in kana ɗan lambu. Ba sai wata ƙungiya ta zo ba.

Manomin Auyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Abin da na tsayar: zan fara da durom kamar na ƙanena na Kura, in koyi halin abin da kachalar fadamata, in ga ya yi sannan in sayar da sa ɗaya bayan salla in gina babba. Sai dai sayar da san zai rage kashin, dole in sake lissafi da uku har in maye gurbinsa. Tambaya ta ƙarshe: yanzu muna shiga hunturu, in fara ko in jira?

Malamin Gona:
Halittun sun fi son zafi wajen digiri 35, in ya sauka ƙasa da 20 aikinsu yana ja baya sosai, ga daren Disamba da Janairu a nan yakan yi ƙasa da 15. Durom da ke sarari shi sanyi ya fi kamawa. In ka ƙagu, ka shafa masa baƙin fenti ka ajiye inda rana ke duka, da yamma ka lulluɓe shi da buhuna da kara, ka riƙa dama abincin da ruwan da ya sha rana. In ba ka ƙagu ba ka bari sai ƙarshen Fabrairu, zai tashi da sauri.

Birkila:
Babban kuma kafin ka sa diga, ka tuna inda ruwa ya tsaya a gidanka a ambaliyar 2022, ka yi ramin sama da nan. Ƙasarku ta Auyo ruwa a kusa yake. Ka haƙa ɗan ramin gwaji a watan Agusta ka ga inda ruwan ƙasa ya kai, in ya yi kusa sai a rage zurfi a ƙara faɗi, a yi ciko a kewaye.